Kwalbar Farko

A layin makanikai babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Kwaɗo suke ce masa, don ba a ganinsa sai in za a yi ruwa. Da zarar hadari ya haɗo ya yi baƙi ƙirin, sai a hango shi ya karyo kwana a kan tsohon kekensa, sanye da rigar leda ruwan ɗorawa har gwiwa da dogon takalmin roba, akwatin kwalabe ɗaure a baya suna ta ƙara. Wani ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, “To, ga Kwaɗo nan.” Wani ya ja tsaki, mai fenti ya tofar da yawu gefe. Shi kuma ko kallo ba su ishe shi ba. Kai tsaye yake wucewa ƙarshen layin, inda duk lambatun unguwar suke haɗuwa su shiga wani babban kwalbati, ya jingine keken a jikin turken wuta ya fara kwance kaya.

Shekara ashirin da tara ya yi yana aiki a ɗakin gwajin ruwa na hukuma. Da wankin kwalabe ya fara, yana matashi, karatunsa bai wuce na rubuta lamba da kwanan wata ba. Aka lura in ya wanke kwalba ko a rana ka ɗaga ta ba ka ganin ɗigon komai, aka kuma lura in ya ce ƙarfe biyu da minti bakwai ya ɗebi ruwa, to ƙarfe biyu da minti bakwai ɗin ne, sai aka mayar da shi mai ɗebo ruwan gwaji. Tun daga nan hadari ne yake tsara masa rayuwa. Ya sha barin abinci a kwano, ya sha tashi daga kujerar mai aski da rabin kai, kuma ranar auren babbar 'yarsa ana tsakiyar ɗaukar hoto ya ji iska ta juya, ya sulale ya ɗauki kekensa. Har yau akwai gurbi a hoton tsakanin amarya da uwarta, har yau kuma matarsa ba ta yafe ba. Mutum ne da Allah bai ba shi daɗin baki ba. In yana da gaskiya sai ya faɗe ta yadda za ka ji gara ma ƙarya, in kuwa aka zage shi ba ya barin ta kwana. Wannan hali ya ja masa, ya kuma ja wa waɗansu.

Abin da ofis yake yi da ruwan nasa ba wani sihiri ba ne, ko da yake mutanen layin sun ɗauka haka. So ake a san yawan ƙazantar da ruwan sama yake kwashewa daga kowace unguwa a shekara ya kai rafi, wato baƙin mai da dalma da taɓo da sauran tarkace, domin can ƙasa da ruwan rafin nan masu lambu suke ban ruwa. Babu wanda zai tare ruwan shekara guda a randa ya auna, saboda haka lissafi ake yi. Sun san faɗin unguwar, sun san nawa ne kwano da kwalta da siminti waɗanda ba sa shan ruwa, sun san yawan ruwan da ake yi a shekara, daga nan sun san lita nawa ke bi ta kwalbatin. Abin da ya rage shi ne a san dattin da ke cikin lita guda, wannan kuwa sai da kwalabensa. Duk abin da aka samu a kwalba za a ninka shi sau miliyoyi, a ce ga na shekara.

Shi ya sa aikin yake da ƙa'ida, Kwaɗo kuma ya riƙe ta kam. Kwalba goma sha biyu ake ɗiba a ruwa ɗaya. Ta farko da zarar lambatu ya fara gudu, sauran duk bayan minti goma sha biyar, kowacce da lambarta da lokacinta da zurfin ruwan a jikin sandar awo. A ofis sai a gauraya su gwargwadon ƙarfin ruwan a lokacin da aka ɗebi kowacce, a fitar da tsaka-tsaki. Dalili kuwa, ruwan farko shi ke wanke titi, shi ke ɗauko duk abin da ya taru tun ruwan baya, na ƙarshe kuwa har yatsunka kana hangowa a ciki. A layin makanikai abin ya fi muni, saboda wata ɗabi'a tasu. Ba sa zubar da komai ranar da gari yake bushe. Tarawa suke a jarkoki da rabin duro, baƙin mai da ruwan batir da ragowar fenti, ranar da aka kece da ruwa sai kowa ya fito a guje ya tuntsurar a lambatu, wai ruwa ya tafi da shi. Kwalbar farko a layin nan baƙa take fitowa, mai yana yawo a samanta.

Da a ce duk bare ne, da da sauƙi. Amma gareji na uku a hannun dama na ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda har yanzu da ya yi furfura a gemu Auta ake kiransa. Kwaɗo ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon aiki, shi ya saya masa akwatin sifanoninsa na farko. Tsohuwarsu tana zaune a ɗakunan da Auta ya gina a bayan garejin, tare da matarsa da 'ya'yansa biyar. A farkon daminar waccan shekarar hukuma ta sanar cewa za ta auna unguwanni bakwai. Wadda dattinta yake da dama-dama za a ba ta shekara biyu ta gyara, wadda nata ya wuce misali a rufe sana'o'inta a tashe su. Aka tura Kwaɗo layin makanikai, tunda ya fi kowa sanin kwalbatin. Bai ce a'a ba, bai kuma taka ya je ya yi wa ƙaninsa bayani ba. A ganinsa aiki aiki ne, wanda bai gane ba shi ya jiyo.

Ranar ruwan farko mai ƙarfi, da rana tsaka, ya sauka matakalar kwalbatin ya tsaya ruwa na dukan ƙwaurinsa. Ya cika kwalba ta ɗaya, ya rufe, ya rubuta, ya sa ta a kular ƙanƙara. Ɗago kan da zai yi sai ya ga mutane sun jeru a bakin kwalbatin ruwa na dukansu. Mai batir ne a gaba, wani gajere mai ƙatuwar murya wanda yake shugaban ƙungiyar layin, da sifana a hannu.

“Malam, fito,” in ji mai batir.

“Aiki nake.”

“Mun ga aikin. Ruwanmu kake ɗiba ka kai a tashe mu. Fito tun muna ganin girmanka.”

“Ruwanku? Ku kuka sauko da shi daga sama? Dattin ne dai naku, ga shi nan kuma yana wucewa ta ƙafata.”

Ka ji fa. Inda ake bukatar lallashi, shi gatse ya ga dama. Nan take aka fara jifansa da tsumman mai, wani ya wurgo tsohon fulogin mota ya same shi a kafaɗa. Ya duba cikin taron ya hango ƙaninsa a baya, ya harɗe hannu a ƙirji.

“Auta, kana kallo?”

“Ina kallo, Yaya. Ka ɗebi ɗaya, ta ishe ka. Hau kekenka ka tafi.”

“Goma sha biyu ake ɗiba, sakarai!”

“Goma sha biyu!” Mai batir ya juya ga jama'a yana buɗe hannu. “Kun ji da kunnenku. Ɗaya ba ta ishe shi ya kashe mu ba, sai goma sha biyu.”

Ƙarti biyu suka sauka suka kama shi ta wuyan rigar leda suka fito da shi, aka ɗora masa akwatinsa a keke aka tura. Ya tafi yana zage-zage, suna yi masa ihu, da kwalba ɗaya tak a kula.

Lissafin da suka yi mai sauƙi ne: kwalba shaida ce, in an rage kwalabe an rage shaida. Sau uku ana haka. Kowane karo kuwa sai ya samu ya ɗebi ta farko, don a daidai lokacin su suna can suna fama da tuntsurar da jarkokinsu, sai sun gama su goge hannu su zo su kore shi. Wato da hannunsu suke cika masa kwalba mafi baƙi, da hannunsu kuma suke hana shi ɗibar masu haske, suna komawa rumfa suna tafawa wai sun yi maganin Kwaɗo. Ofis ya taɓa haɗa shi da ɗan sanda sau biyu. Duk sau biyun hadarin ya haɗo ya yi rugugi ya watse, ɗan sandan ya sha shayi ya koma. Ruwa dai ba ya ba da sanarwa, ranar da ya zo da gaske ɗan sandan yana wani aikin.

Damina ta yi nisa, Injiniya ta kira shi ofishinta. Yarinya ce sa'ar 'yarsa, mai tabarau, ita ke yin lissafin. Lokacin da ta fara aiki shi ya koya mata yadda ake riƙe kwalba a ruwa baki na fuskantar gudu. Ta juyo masa da takarda ta ɗora yatsa a kan wata lamba.

“Baba, kwalba uku ka kawo mini, kuma duk ta farko ce.”

“Na sani.”

“Da na ninka su da ruwan shekara, layin nan shi kaɗai ya fi sauran unguwanni shidan a haɗe.”

“Ƙarya ne. Ƙazamai ne, amma ba su kai haka ba.”

“Ni ma na san ba su kai ba. Na rubuta a ƙasa cewa awon bai cika ba. Amma 'yan kwamitin da za su yanke hukunci lamba suke karantawa, Baba, ba sa karanta ƙasan takarda. Ƙarshen watan nan za su zauna. In ka kawo mini ruwa ɗaya cikakke, daga ɗaya zuwa goma sha biyu, ina kyautata zaton lambar nan ba za ta kai rubu'in haka ba, sai su faɗa cikin waɗanda za a ce su gyara. In ba ka kawo ba, da wannan za a yanke.”

“In na kawo goma fa? Ko sha ɗaya?”

“Jerin da bai cika ba ba a karɓarsa. Kai ka koya mini.”

Ya fito yana jin haushin kowa, na makanikai da na 'yan kwamiti da na kansa. A ƙasan haushin kuma tsoro ne, domin ya hango tsohuwarsu zaune a kan kayanta a bakin titi.

Washegari, rana ƙwal, ya je layin ba rigar leda ba akwati. Mutane suka bi shi da kallo, wani ya ɗaga kai sama ya duba ko akwai hadarin da bai gani ba. Ya tarar da Auta kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar bas, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

“Fito, magana na zo da ita.”

“Ina ji, Yaya. Kunnena ba a ƙafa yake ba, amma yana ji daga nan.”

Kwaɗo ya tsuguna ya yi bayani, ya faɗi abin da Injiniya ta ce da ranar da kwamiti zai zauna. Ya ce, “In ka wanke inji, ruwan farko da na ƙarshe ɗaya ne? To na farkon kaɗai kuke bari in kai. Da shi ake auna muku shekara. Ku ne kuke yanka kanku, don jakanci.”

Da ya tsaya kafin kalmar ƙarshen nan, wataƙila da an rabu lafiya. Auta ya turo kansa waje a hankali, ya zauna yana goge hannu.

“To mu jakai mun ji. Tunda na ƙarshen ne mai kyau, ka bari sai ruwa ya kusa ɗaukewa ka cika goma sha biyun duka. Wa zai sani?”

“Ni zan sani.”

“Ka gani ko? Kai ba taimakonmu ka zo yi ba, takardarka ka zo cikawa.”

“Shekara ashirin da tara ban taɓa sa ƙarya a kwalba ba, ba kuma zan fara don kai ba.”

“Ai shi ya sa shekara ashirin da tara kana kan keke.”

Suka miƙe tsaye suna huci, hanci kusa da hanci. Sai ga tsohuwa ta fito daga baya tana dogara sanda, don tun ɗazu tana jin su ta taga.

“Ku dube su, gemu da gemu. Kai Babba, bakinka ne ba ya da linzami tun kana yaro. Kai kuma Auta, yayanka ya taɓa yi maka ƙarya?”

“Bai taɓa ba, Inna. Bai dai taɓa yi mini magana mai daɗi ba.”

“To ka bar shi ya ɗebi ruwansa har ya gama. In aka sake taɓa shi kana tsaye, ban yafe ba.”

Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Zan yi wa mai batir magana. Don ke, Inna. Ba don shi ba.”

Ƙungiya ta zauna ta yarda, da ƙyar, kowa yana ganin akwai wata manaƙisa a ciki. Mai batir ya ƙara da nasa wayon, ya kafa doka cewa ranar da za a yi awon kada wanda ya zuba ko cokali ɗaya a lambatu. Kowa ya rantse. Sai kuma sama ta yi musu rowa. Mako uku cur ba ɗigo, jarkoki suka cika, rabin duro suka cika har suna tsiyaya. Kwaɗo ya rame don kallon gabas. Matarsa ta ce ko ita da ta yi shekara talatin tare da shi bai taɓa yi mata irin wannan jiran ba.

Saura kwana huɗu kwamiti ya zauna, da hantsi, iska ta juya. Kafin ɗigon farko ya faɗo yana cikin kwalbati da sandar awonsa. Aka tsuge da ruwa. Dokar mai batir kuwa ko minti biyar ba ta yi ba, don kowa ya san wannan ne ruwan ƙarshe, kowa kuma ya raya a ransa cewa jarkarsa guda ɗaya ba za ta nuna ba. Ta bayan rumfuna aka riƙa zagayawa ana tuntsurarwa a ɓoye. Shi kansa mai batir an gan shi da bokiti, Auta ma ya zuba nasa rabin duron ta bayan bas. Ruwan ya iso kwalbatin baƙi wuluk yana wari. Kwaɗo ya gani, ya gane, ya ciji leɓe ya cika ta ɗaya.

Ya tsaya kusan awa uku. Ruwan ya hau daga ƙwauri zuwa cinya, ya cika masa takalmi, ledoji da robobi suna naɗe masa ƙafa. Mutum mai shekara hamsin da bakwai, haƙoransa na haɗuwa, yana rubutu a littafin da ya lulluɓe da leda. Daga rumfar mai fenti ana ta jefo masa magana. “Kwaɗo, yi mana kuka mana!” “A kawo masa sabulu ya haɗa da wanka!” Yau kam bai tanka ba, agogonsa kawai yake kallo. Ta biyar, ta takwas, ta goma. Da ya rufe ta goma sha biyu ruwa ya koma yayyafi, ya fito da rarrafe, ƙafafunsa sun sandare. Wani daɗi ya ji wanda ya daɗe bai ji irinsa ba, domin a ransa ya ceci ƙaninsa ko ƙanin ya so ko bai so ba.

Kamar yadda ya saba, kafin ya ɗaure kaya ya jera kwalaben a kan katangar kwalbati don ya duba lambobinsu. Mutane suka fito daga rumfuna suka kewaye. Ga su nan a jere, ta farko baƙa kamar gawayi, ta biyu ruwan ƙasa mai duhu, suna ta washewa har zuwa ta ƙarshe wadda ake hango katanga ta cikinta. Ko makaho aka yi wa bayanin jerin nan zai gane abin da Kwaɗo ya yi wata uku yana kasa faɗa.

Auta ya matso. Idonsa a kan baƙar kwalbar yake, ya kuma san rabin duron wa ke ciki.

“Yaya, wannan ce ta farko?”

“Ita ce.”

“Sauran ai ba laifi.”

“Abin da nake gaya muku ke nan tun farkon damina.”

Auta ya miƙa hannu ya ɗauke ta.

“Ajiye,” in ji Kwaɗo. “Auta, ajiye. Don Allah ajiye.”

Tun da suke bai taɓa haɗa ƙaninsa da Allah a kan wani abu ba, umarni kawai ya saba ba shi. Amma ya makara. Auta ya ɗaga kwalbar ya rotsa ta a kan siminti, baƙin ruwan ya fantsama ya gangara lambatu ya bi sauran. Layi ya kaure da shewa, mai batir ya rungume Auta yana jijjiga shi.

“Shi ke nan, Yaya,” in ji Auta yana haki, har da murmushi. “Na sauƙaƙa maka. Ba kai ka yi ba, ni na yi. Ka mayar da ta biyu ta farko, ka ƙara ɗaya a ƙarshe, ga ruwa nan yana gudu. Alƙalami a hannunka yake.”

Kwaɗo bai zage shi ba, wannan ne kuma ya ba mutane mamaki. Ya durƙusa ya tsinci wuyan kwalbar da takardar lambarta a jiki, ya sa a aljihu. Ya ɗaure sha ɗayan ya hau keke.

A kan gadar da ke hanyar ofis ya tsaya ya ciro littafin. Ba shakka ya so ya bi shawarar Auta. Ya so ƙwarai, har ya cire murfin alƙalamin. Lambobi goma sha ɗaya ne kawai zai gyara, ya cika kwalba ɗaya da ruwan da ya ga dama, Injiniya kuma ba za ta taɓa tuhumarsa ba, don duk ofishin an san shi. Layin zai fito fes, ko gyara ba za a ce su yi ba, za su ci gaba da tuntsurar da jarkokinsu wata shekara talatin ɗin. Ya leƙa ƙasan gadar. Ruwan da ya tsaya a ciki ɗazu ya riga shi isowa, wata mata kuma ta tsuguna a bakin lambunta tana ɗauraye ganyen da za ta kai kasuwa a cikinsa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya rubuta a gaban lamba ɗaya: ta fashe.

Injiniya ta ƙirga kwalaben sau biyu. Ya ajiye mata wuyan ta farko a kan tebur.

“Baba, wa ya fasa?”

“Ta fashe.”

“Ka san abin da wannan yake nufi?”

“Ni na koya miki.”

Ta yi iya ƙoƙarinta. Ta gwada sha ɗayan, ta haɗa sakamakon da rahoton, ta tsaya gaban kwamiti ta yi bayani har muryarta ta dushe. Suka ce jerin da bai cika ba ba shaida ba ne, ƙa'idar ofishinta ce ba tasu ba, suka koma kan tsohuwar lambar. Ba a sake yin ruwa ba a shekarar.

Bayan wata biyu aka zo da jan fenti aka yi wa rumfunan layin alama. Ranar da Auta yake loda kayansa a tsohuwar bas ɗin nan, Kwaɗo ya zo ya ce tsohuwa ta koma gidansa, ya gyara mata ɗaki. Tana zaune a kan ƙullin kayanta a bakin titi, yadda ya hango. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce inda Auta ya je nan za ta je. Auta ya sauko daga bas ɗin ya tsaya gabansa.

“Da ka gyara lambar nan, Yaya, da yanzu muna nan.”

“Da ka bar kwalbar nan, da yanzu kuna nan.”

Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu. An watsa makanikan, waɗansu bayan gari, waɗansu sun bar sana'ar. Auta yana can wani fili kusa da tashar manyan motoci, yana aiki a ƙarƙashin bishiya. In Kwaɗo ya je gaida tsohuwa, sai Auta ya shige ƙarƙashin mota har ya tafi.

Da damina ta zagayo ofis ya ce a sake auna layin, a ga abin da ya canza. Hadari ya haɗo, ya karyo kwanar da kekensa, kwalabe na ƙara a baya. Rumfunan a rufe, ciyawa ta fito a ƙofar garejin Auta. Ya sauka kwalbati, lambatu ya fara gudu, ya cika ta ɗaya ya ɗaga ta sama. Ruwan ƙasa ce mai haske, ba mai ba wari, irin kwalbar da ya yi shekaru yana fatan ya ɗiba a wurin nan. Bai ji daɗin komai ba. Sau biyu ya ɗaga kai yana duban bakin kwalbatin, ko wani zai leƙo ya ce ga Kwaɗo nan, ko ya wurgo masa fulogi. Babu kowa. Ya goge fuskarsa da bayan hannu, ya duba agogo, saura minti goma sha ɗaya ya ɗebi ta biyu.